Wane Ne Fosfor?

A Gaya kowa ya san halin Malam Siddo, malamin kimiyyar sinadarai: ba ya barin kalma ta wuce bai tono kakanta ba. Farkon kowace shekara yakan raɗa wa ɗalibansa sunaye, kowa da sinadarinsa, ba rago ba goro, kuma da su yake kiran aji da safe. In ya ce "Kulor!" sai Yacuba ya zabura: "Girkanci ne, Mushe, kore mai ratsin rawaya." Mushe shi ne malam a bakin 'yan bokon Faransanci. In ya ce "Natiriyom!" Gambo ya amsa da cewa Latinanci ne, asalinsa kanwa, irin wadda ake saukewa a kasuwa. Wanda ya yi nawar tashi kuwa kunnensa ya gaya masa. Har ta kai yaran kan miƙe kafin hankalinsu ya iso, malam kuma yana ta alfahari da hakan kamar shi ya ƙera ƙafafunsu.

To, zamanin soja ne, lokacin da ko tari mutum zai yi sai ya waiga. Wata safiya aka tashi da rubutun gawayi a bangon duwan, ofishin 'yan kwastan, kusa da gadar da ke ƙetarawa Benin: sojoji su daina ƙwace kifin masunta. A ƙasa an sa hannu, Fosfor.

Malam Siddo ya gani a kan hanyarsa ta zuwa lakwal, wato makaranta. Fosfor ɗaya ce a duk garin, Kadija, 'yar wani masunci daga Tounouga da sojoji suka kwashe wa kamu kwanan baya. Ita ke ɗaukar na ɗaya, ga jarrabawar birbe ta gama ƙaramar sakandare ta ƙarato. Haushinta ya kama shi, yarinya mai kai irin wannan ta yi wautar sa suna. Sai kuma haushin kansa, shi da ya ba ta sunan.

Da hantsi motar soja ta tsaya a tsakar lakwal. Kapitan ya shigo ajin ba sallama, jandarma biyu a bayansa.

"Malam, an ce kai ke rabon sunayen Nasara a nan."

"Na Girkawa da Rumawa ne, ranka ya daɗe. Don yara su riƙe darasi."

"Wa ka ba Fosfor?"

"Yara da yawa sun wuce ta hannuna, Kapitan. Ba na rubutawa."

Kapitan ya yi murmushi. Ba sakarai ba ne, kuma wanda ya kai masa tsegumi bai rage komai ba. Ya dubi tabulo, allon aji, inda sunayen darasin jiya ke nan ba a goge ba, ya juyo ya daka tsawa: "Argon!"

Wani ɗalibi a baya ya miƙe zumbur. "Girkanci ne, malalaci." Ba wanda ya yi dariya.

"Burom!"

Ajuma ta tashi. "Girkanci ne, wari."

Malam Siddo ya kafe idonsa a kan taga, amma ta wutsiyar ido yana ganin hannayen Kadija dafe da tebur. Tsoro ya kama shi ƙwarai. In ta tashi, ba birbe ba lakwal, kuma ba ita kaɗai za a ɗauka ba, har ubanta. Shi ya haƙa ramin nan da hannunsa, shekara guda yana haƙa.

"Fosfor!"

Benci ya yi ƙara.

"Girkanci ne," in ji Malam Siddo da ƙarfi. "Fos, haske, foros, mai ɗauka. Ni ne, Kapitan. Malami ma yana da nasa."

Amma Kadija ta riga ta ɗaga daga zaune, kuma kapitan ya gani. Malam Siddo ya juya kanta da murya irin wadda bai taɓa yi mata ba.

"Ke kuma wa ya kira ki? A gidanku ba a koya miki natsuwa in manya na magana ba? Zauna, daƙiƙiya kawai!"

Ta zauna, idanunta sun ciko.

Kapitan ya daɗe yana duban yarinyar, sannan ya dubi malamin. "Kai ka rubuta? Da gawayi, babban mutum da kai?"

"Alli ba ya fita a farin bango, ranka ya daɗe."

Ko ya yarda ko bai yarda ba, Allah masani. Abin da kapitan ke bukata shi ne wanda zai aika wa manyansa a Dosso kafin azahar, kuma malami ya fi 'yar masunci cika ido. Ya yi wa jandarma nuni da haɓa.

Malam Siddo ya ajiye allinsa ya bi su. A bakin ƙofa zuciyarsa ta matsa masa ya waiwaya, ko da kallo ne ya janye zagin nan, amma kapitan na gefensa yana lura da inda idonsa zai sauka. Haka ya fita bai waiga ba, ya bar ta da daƙiƙiya a kunne.