Ɗigon Jan Farce

A Abuja, duk asibitin da ya ji Dakta Maimunat na tafe sai a hau fenti da goge-goge kamar za a kawo amarya. Aikinta duba asibitoci ne kafin a ba su shaidar inganci, kuma aikin nan ya cinye mata ƙawaye ɗaya bayan ɗaya. Ko suna ko biki an daina gaya mata. Elizabeth kaɗai ta rage, wadda suka zauna ɗaki ɗaya a jami'a, ga shi yau asibitin Elizabeth da ke Apo aka turo ta. Ta roƙi a tura wani, aka ce babu kowa.

Maimunat ta san halin mutanenta sarai: ranar dubawa akan aro kayan aiki daga wani asibiti, baƙi na juya baya a mayar. Shi ya sa duk na'urar da ta duba takan ɗiga mata jan farce a ƙasa, inda ba mai lura.

A ɗakin gaggawa ta ɗaga na'urar farfaɗo da zuciya tana addu'ar kada ta ga komai. Sai ga ɗigon ja, wanda ta yi da hannunta makon jiya a wani asibitin haihuwa da ke Karu.

"Lizzy, wannan ta Karu ce," in ji ta a hankali.

Elizabeth ta yi dariyar yaƙe. "Haba sister, aro ne kawai, everybody dey do am. Tamu tana hanya. Gobe da safe zan mayar."

"To yau fa? In zuciyar wata mai naƙuda ta tsaya a can, da me za su tashe ta?"

"So za ki kayar da ni ke nan? Ni?"

Maimunat ta kasa kallonta. "Ba zan sa hannu ba."

Elizabeth ta juya ta shige ofis, ta rufo ƙofa.

Da kanta Maimunat ta rungumo na'urar, ta zaunar da ita a kujerar gaba ta motarta, ta ɗaura mata bel, ta kama hanyar Karu. A hanya ta shiga cunkoson motoci. Ta jawo waya don ta gaya wa wani irin ranar da ta gani, kamar yadda ta saba, sai ta ga yatsanta ya tsaya a kan sunan Elizabeth. Ta kife wayar a cinya, motar baya tana ta danna mata hon.