Cokali a Tukunyar Wake

Sau biyu Garazi tana cire bajon daga ƙirjinta a cikin bas tana sake maƙala shi. Da suka shigo garin Tolosa sai ta danne shi da tafin hannu, kamar mai tsoron ya tashi.

Bajo ne mai hoton baki. Duk wanda ya sa shi a waɗannan kwanaki na raya harshe ya ɗauki alkawarin yin Euskara, harshen yankin, da duk mai jin sa, ko da kuwa da Sifaniyanci aka amsa masa. Da direba abin bai yi wuya ba. Mahaifinta ne damuwar.

Inaxio da Euskara ya buɗi baki, amma bai taɓa yi mata ko kalma ɗaya ba. Yana yaro malami ya sha zane shi a kan harshen, da ya girma kuma ya auri 'yar kudu wadda ba ta ji. Yanzu karensa kaɗai yake yi wa, in ya zaci ba kowa kusa. Ita Garazi sai da ta girma ta koya a ajin manya, bayan an tashi aiki. Ga shi ciki ya fito. Harshen littafi ta iya. Na gida kuwa, in ɗanta zai ji shi, sai daga bakin kakansa. In tsohon ya ƙi yau, ta san ba za ta ƙara samun ƙarfin halin gwadawa ba.

Kasuwar Asabar ta cika a rumfar bakin kogi. Ta hango shi da baƙar hularsa, yana auna baƙin waken gonarsa. Pantxike mai cuku, wadda teburinta ke jikin nasa, ita ta fara ganin ta.

"Inaxio, ɗaga kai! Ga 'yarka ta zo da baki biyu, ɗaya a fuska ɗaya a ƙirji."

"Ke dai ɗaya gare ki, kin hana kasuwa sakat," ya amsa da Sifaniyanci. Haka suke shekara da shekaru, ita da Euskara, shi da nasa taurin kan.

Jimlar da Garazi ta yi ta maimaitawa a hanya ta fito a ƙanƙance.

"Aita, ina kwana? Yaya kasuwa?" ta ce da Euskara, harshen da ake ce wa Baba Aita.

Hannunsa ya tsaya a cikin buhu. Ya dubi bajon, ya dube ta.

"Me ya same ki?" ya ce da Sifaniyanci. "Kin ci abinci kuwa?"

"Na ci, Aita. Na zo taya ka ne."

"Zauna. Mai ciki ba ta tsayuwa."

Ta zauna a kan akwaku. Ta tambayi lafiyar kare, ta tambayi ruwan sama, duk da Euskara. Shi kuma amsa gajera-gajera, duk da Sifaniyanci, idonsa a kan sikeli. Ta fara tunanin bas ɗin komawa.

Sai ga wata matashiya mai bajo irin nata ta tsaya, ta sayi wake. Ta ce amarya ce, surukarta za ta zo gobe, yaya ake dafa shi kada ta ji kunya?

Inaxio ya juya neman leda. Garazi ta dubi bayansa, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Ai ba wuya. Ki zuba ruwa, ki ƙure wuta, ki yi ta juya shi da cokali."

"Cokali?"

Ledar ta faɗi ƙasa daga hannun Inaxio.

"Cokali, a wakena? Ke, yarinya, so kike ki kashe mata aure? Ruwan sanyi, ɗan mai kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa kamar ba ta so. In ya nemi kamawa, ki riƙe kunnuwan tukunya ki girgiza, haka, haka! Cokali fasa shi yake yi. Da uwata ta ji ki, da cokalin za ta kore ki daga gida!"

Ya tsaya yana haki, hannuwansa har yanzu riƙe da tukunyar da babu. Pantxike ta toshe baki da gefen riga, kafaɗunta na rawa. A lokacin ne ya ji abin da kowa ya riga ya ji: tun daga "cokali" ba kalmar Sifaniyanci ko ɗaya.

Amarya ta yi godiya ta wuce. Inaxio ya ɗauki leda, ya kakkaɓe ta fiye da yadda take buƙata. Garazi ta jira ya koma gidan jiya.

"Kuma maganarki," ya ce can ƙasa, da Euskara, "sai ka ce mai karanta labarai a talabijin."

"Abin da aka koya mini ke nan, Aita."

"Hm. Ki zo gobe in nuna miki tukunya, kafin ki lalata wa jikana ciki."

Tun Garazi ba ta kai tsayin murhu ba ta san ba a sa wa wannan wake cokali. Shi da kansa ya koya mata, da Sifaniyanci. Ba ta tuna masa ba.

Pantxike ta miƙo mata yankin cuku, ta raɗa mata, "Asabar mai zuwa ki ce a zuba tumatir."