Damin da Ya Hana Zaɓe

A ƙauyen Gidan Ɗorawa, arewa da Ɗanbatta, gonaki manne suke da juna, har in ka yi tari a taka mai ta kusa ne zai ce maka sannu. Matasa sun watse, wasu Kano, wasu Legas. Saboda haka duk wanda ƙarfinsa ya ja baya, da gayya ya dogara. Mutum arba'in za su faɗa wa gonarka da hauya tun da sassafe, kafin azahar sun share ta tas. Kai dai naka kunu da tuwo.

Ƙungiyar gayyar tana da ciyaman, shi ke tsara gonar wa za a fara, ta wa za a ƙare da ita. Dokarsu kuma guda ce tun zamanin iyaye: ranar da damin gero na ƙarshe ya bar gona ya shiga rumbu, washegari a yi zaɓe a gindin ɗorawa, ƙato bayan ƙato. Kowa ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna, shi ke nan. Haka ake yi lafiya lau, har Allah ya kawo Tasi'u mai faci kan kujerar ciyaman.

Kada in ci haƙƙinsa, shekarar farko ya yi aiki. Amma da kaka ta zo, kowa ya kwashe geronsa, sai aka ga dami guda a tsaye a tsakiyar gonar Tasi'u.

"Doka ta ce dami na ƙarshe," in ji shi. "Ga shi can bai shiga rumbu ba. Ni kuwa ko yanka ni za a yi ba zan taka doka ba."

Aka yi ta dariya, aka ce Tasi'u akwai barkwanci. Ana cikin dariyar mako ya wuce, wata ya wuce, damina ta sake sauka. Ya kewaye damin da zana, ya yi masa jinka, ya sa ƙofa da kwaɗo. Shekara ta biyu ya kafa Kwamitin Duba Dami, dattawa uku da za su shiga sau ɗaya a shekara su fito su shaida yana nan. Shekara ta uku ya hana awaki bi ta wannan shiyyar, ya kuma hana a ce an gama girbi. Kai jama'a! Mutanen Gidan Ɗorawa in sun je kasuwa aka tambaye su ko sun gama girbi, sai su ce saura kaɗan. Shekara huɗu cur suna saura kaɗan.

Mutum ɗaya ne ya buɗe baki, Baba Muntaka. Dattijo ne mai ciwon baya, gonarsa ɗaya ta gado, 'ya'yansa maza duk suna birni, daga shi sai matarsa Hure. A wani taro ya miƙe ya ce, "Ciyaman, wai yaushe za a kai damin nan gida? In nauyi ya yi maka, ga jakina."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Tasi'u ya yi murmushi ya ce tambaya ce mai kyau, za a duba. Da aka karanta jerin gayya, sunan Muntaka ne na ƙarshe. Kafin a zo gonarsa ciyawa ta kai gwiwa, geron ya yi rawaya ya ƙanƙance. Inda yakan sami dami talatin, sha ɗaya ya samu. Tun bazara ba ta yi nisa ba rumbu ya ƙare, tumakin Hure biyu da jakinsa suka tafi kasuwar Ɗanbatta ba su dawo ba. In aka maimaita masa haka bana, to babu abin da za su ci, kuma babu sauran abin sayarwa.

Ana nan sai ɗaya daga cikin dattawan kwamiti ya rasu. Wa Tasi'u zai naɗa? Muntaka!

"Dimokuraɗiyya ke nan, Baba," in ji Tasi'u. "Mu har ɗan adawa kujera muke ba shi."

Hure ta ce, "Malam, wannan kujerar da ƙaya a jikinta. Ka dai tuna da rumbu."

"Abin da idona ya gani shi zan faɗa," in ji Muntaka. Da gaske kuma yake.

Tasi'u ya sa ranar duba dami ta zo daidai da ranar fara gayya. An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta fara ɗaga kai a gonar kowa. Mutum arba'in suka taru a gonarsa da hauyoyi a kafaɗa, Mati makaɗi ya rataya gangar noma. Tasi'u ya ce ba zai faɗi gonar da za a fara ba sai kwamiti ya gama aikinsa. Ya buɗe kwaɗo, dattawan uku suka sunkuya suka shiga.

Babu komai. Wallahi babu komai! Igiyar ɗauri ce kawai a ƙasa, sai tudun ƙasar gara, sai wani ƙadangare a kai yana gyaɗa kai. Gara ta cinye damin tun ba yau ba.

Muntaka ya juya ya dubi abokan aikinsa. Alhaji Kamaruddeen ya zuba wa filin ido, ya shafa gemu ya ce, "Masha Allah, bana har ya fi bara kyau." Malam Khalilu ya kewaya inda damin ya kamata ya kasance, yana rage tsawo kada kansa ya taɓa shi, ya ce zangarniyar ta cika sosai.

"Malam, ka ga dami a nan?" in ji Muntaka.

"Ina da iyali goma sha huɗu," in ji Malam Khalilu, ya yi waje.

Muntaka ya fito na ƙarshe, maganar tana bakinsa. Kalma biyu ce, babu dami, gobe a yi zaɓe. Ya ɗaga kai ya dubi mutanen, sai a lokacin ya lura da zanar. Ta tsufa, duk ramuka ne a jikinta, wasu har kai zai shiga. Kuma hanyar rijiya ta nan ta bi. Ashe kowa ya sani! Ya nemi ido ɗaya da zai haɗu da nasa, ya rasa. Wannan yana duba ƙotar hauya, wancan yana cire ƙaya a ƙafa. Ya gane in ya faɗa, shi kaɗai ya faɗa, gobe kuma a sake samun wata dokar. Tsoro ya kama shi, tsoron rumbu babu komai da idon Hure.

"Baba, jama'a na jira," in ji Tasi'u. "Me ka gani?"

"Yana nan," in ji Muntaka.

Mati ya saki ganga. Tasi'u ya ɗaga murya ya ce gonar Baba Muntaka za a fara, saboda girmama dattawa. Kafin azahar ba ko tsinken ciyawa a gonar. Muntaka ya zauna a gindin gawo yana kallonsu, ya ajiye kunun da Hure ta miƙa masa a gefe don kunya.

Geron kuwa ya yi, don Allah ba ya ƙin ba da ruwa saboda ƙaryar mai gona. Dami talatin da huɗu. Suna tsaye shi da Hure suna kallonsu a jere a bakin gona, sai ga Tasi'u. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su.

"Baba, wata 'yar magana ce. Zanar nan ta mutu, za mu sake sabuwa, kuma dole a yaye tsohuwar a gaban mutane. To ni dai ban taɓa cewa na ga komai ba, ba ma na shiga. Kai ka shaida. In aka yaye ba a ga dami ba, ba na so a ce dattijo kamarka ya yi ƙarya."

Ya yi sallama ya tafi abinsa.

Muntaka ya bi damman ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa, ya zaɓi wanda ya fi ƙwari, ya ƙara masa ɗauri biyu don gara kada ta yi saurin kunyata shi. Ya cicciɓa da ƙyar ya ɗora a ka, bayansa yana amsawa.

"Malam," in ji Hure, "ai rumbu ta nan yake."

"Na sani."

Ya kama hanyar gonar Tasi'u da rana tsaka. Duk wanda ya haɗu da shi sai ya gaishe shi yana kallon ƙasa, ba wanda ya tambaye shi ina za shi da dami.