Manhajar Ninki Tara

Ranar da Dakta ta dawo daga hutun haihuwa, abin da ya fara tarbar ta a ƙofar sashen sadarwa na jami'arsu shi ne hoton Farfesa, shugaban ɗakin gwajinsu. An buga shi ƙato a jikin ƙyalle, ya dafe haɓa kamar mai tunanin makomar duniya. A ƙasa an rubuta da jan fenti: SABUWAR MANHAJA MAI NINKA SAURIN INTANET SAU TARA.

Ta karanta sau biyu, ta ja tsaki.

Manhajar tata ce. Shekara uku ta kwashe tana rubuta ta. A jami'ar akwai akwatunan sabis da aka kakkafa a bango, ɗalibai kuwa sukan taru su danne akwati ɗaya har ya shaƙe, alhali na kusa da shi yana hamma. Aikin manhajar shi ne ta rarraba wayoyin a tsakanin akwatunan. Ita da ta yi ta ba ta taɓa sa ran ƙarin saurin zai wuce kashi goma sha biyar cikin ɗari ba. Ninki tara kuma, sai dai in aljanu ne suka taya ta aiki a bayan idonta.

A allon sanarwa an manna shafin farko na takardar binciken, wai wata mujalla ta karɓa, gyaran ƙarshe kawai take jira. Sunaye uku ne a kai. Na Farfesa, na shugaban tsangaya wanda ko ƙofar ɗakin gwajin bai sani ba, sai na Mai Kwat. Shi Mai Kwat ƙanin matar Farfesa ne, ɗalibai suka laƙaba masa sunan saboda ko rana na narka kwalta ba ya cire kwat. Nata sunan babu shi, ko a layin godiya.

Kwamitin ƙarin girma zai zauna ƙarshen wata, takarda ɗaya tak ta rage mata ta cika sharaɗi. In ta rasa wannan zaman, sai bayan shekara uku.

Ba ta ko ajiye jaka ba ta wuce ɗakin gwaji, ta kunna kwamfuta, ta buɗe awon saurin sabis da aka yi sau biyu. Na farko, wato kafin a ɗora manhajar, ita ta yi shi da hannunta a makon jarrabawa, wayoyi dubu shida da 'yan kai suna kokawa a kan sabis. Na biyu, bayan an ɗora, Mai Kwat ne ya yi tana gida. Ta duba yawan wayoyin da suka hau. Goma sha ɗaya. Ta duba kwanan watan. Tsakiyar dogon hutu ne, lokacin da babu kowa a jami'ar sai masu gadi da ƙadangaru.

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta daɗi ba.

A ofis ta samu Farfesa yana gwada jawabin jibi a gaban madubi, Mai Kwat na gefe yana gyaɗa kai.

"A'a, mai jego! Ina 'yan biyunmu?"

"Suna lafiya, ranka ya daɗe. Na ga takarda a allo."

"Kin gani ko? Ai mun girgiza duniya. Sunanki kuma, kin san al'adar gidan nan, wanda ba ya nan lokacin rubutu..."

"Ba shi ya kawo ni ba tukuna." Ta ajiye takardun awon a teburinsa, ta juya ga Mai Kwat. "Malam, me ya sa ka yi awon a lokacin hutu?"

Ya gyara wuyan kwat. "Don a samu tsaftataccen sakamako mana. Yaran nan hayaniyarsu tana ɓata awo."

"Hayaniyar tasu ita ce cutar da muke yi wa magani. Ka sallami marasa lafiya duka, sannan ka rubuta cewa asibitinka babu mai tari."

Farfesa ya murtuke fuska. Ya ɗauki takardun, idonsa ya tsaya a kan goma sha ɗaya. Ya gane sarai. Sai ya tura su cikin durowa ya rufe.

"Yarinya, lokacin da na fara koyar da sadarwa ke ko lissafi ba ki iya ba. Masu tantancewa biyu sun duba, ba su ce komai ba. An gayyaci baƙi, an buga ƙyalle." Ya sassauta murya, ya zaro wani fom. "Na san da maganar kwamiti. Sa hannu nan, sunanki ya shiga na huɗu. Gobe da safe zan tura wa mujallar."

Da la'asar a gida, fom ɗin na kan teburin cin abinci tsakanin kwalaben madara. Mijinta, malamin jinya ne, yana jijjiga ɗaya daga cikin 'yan biyun a kafaɗa.

"Maman biyu, sa hannu kawai. Wa yake karanta irin takardun nan? Ko ni da nake aurenki shafi biyu na taɓa yi, barci ya kwashe ni."

"Kai ai ko takardar magani sai na karanta maka."

"To ki ji ni. Shekara uku fa. Yaran nan har sun shiga makaranta kina nan a matakin da kike, wancan Mai Kwat ɗin yana ba ki umarni."

Wannan ta sosa mata inda yake ciwo. Ta ɗauki biro, ta cire murfin, ta daɗe tana kallon layin. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne duk wanda ya san aikin, ranar da asiri ya tonu, ba Farfesa zai kalla ba. Ita za a kalla, domin ita kaɗai ce a cikinsu ta isa ta gane. Ta mayar da murfin.

Da safe ta ba sakatariyar Farfesa fom ɗin yadda aka ba ta shi.

Ranar taron, babban zaure ya cika maƙil. An kori ɗalibai daga azuzuwa an zuba su ciki don a ga jama'a a hoto. A layin gaba akwai wata dattijuwar Injiniya daga wani kamfanin waya, da ɗan littafi a cinyarta. Dakta ta zauna can baya kusa da ƙofa.

Farfesa ya yi minti arba'in yana ba da tarihin kansa. Daga nan ya ɗaga hannu sama.

"Kowa ya ciro wayarsa ya hau sabis ɗinmu! Yau za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba."

Wayoyi ɗari takwas suka fito. A farin allon majigi aka danna bidiyon da zai buɗe cikin ƙiftawar ido. Wani ɗan zobe ya bayyana yana juyawa. Ya juya, ya juya. Wani ɗalibi daga baya ya ce, "Sa, juyin ne ninki tara?" Zauren ya kece da dariya.

"Mutane ne suka yi yawa," in ji Farfesa, yana share goshi.

Injiniya ta ɗaga biro. "Ai na ɗauka don yawan mutane aka yi ta. Waya nawa kuka gwada da su?"

Farfesa ya kama gyaran makirfo, Injiniya ta leƙa ɗan littafinta.

"Takardar ta ce mai suna na uku ne ya yi awon. Yana nan?"

Mai Kwat ya miƙe kamar wanda aka kira shi gaban alƙali. Gumi ya jiƙa kwat ɗin har baya. Ya ce adadin yana cikin kwamfuta. Ta ce ya kimanta. Ya ce sun kai... sun haura goma.

"Goma me? Dubu goma?"

Ya sunkuyar da kai.

Farfesa ya hango Dakta, ya nuna ta da makirfo. "A gaskiya ainihin aikin na waccan ne. Ita za ta yi bayani."

Kawuna ɗari takwas suka waiwayo. Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, na duba takardar sama da ƙasa ban ga sunana ba. Ni kallo na zo, kamar kowa."

Kafin sati ya zagayo an janye takardar, an sauke ƙyallen, masu gadi suka shimfiɗa shi a ɗakinsu. Ƙarshen wata aka manna sunayen waɗanda suka samu ƙarin girma. Dakta ta bi jerin da yatsa har ƙasa, duk da ta san babu ita. Ta shige bayi ta kulle, ta yi kukanta na minti biyar, ta wanke fuska ta koma aiki.

Awon ta sake daga farko, ɗalibai na nan cunkus. Kashi goma sha uku ya ba ta. Tana cikin rubuta shafin farko sai ga Farfesa ya turo ƙofa, ba ƙwanƙwasawa, yana murmushi kamar ba a taɓa yin komai ba.

"'Yata, na ji kin samu sakamako mai kyau. Kin dai san al'ada, sunan shugaban ɗakin gwaji ne a gaba."

Ba ta ɗago daga kwamfutar ba.

"Saura akwatuna arba'in ban auna ba, ranka ya daɗe, duk a rufin makwancin ɗalibai suke. Gobe ƙarfe bakwai na safe. Ka sa wandon da za ka iya hawa tsani da shi."

Ya tsaya yana jiran ta ce wasa take yi. Ta ci gaba da bugawa.