Lamurjen Anti Zakiya a Gwangwani

Duk Bahaushen da ke Greensboro, daga 'yan zangon Kumasi har ɗaliban jami'a, ya san lamurjen Anti Zakiya. Suna ne, walima ce, buɗa-baki ne a masallaci, ita ake kira. Ba ta awo da cokali, harshenta ne ma'auninta.

Najib kuwa ɗan ƙawarta ne, marigayiya Hafsatu. A gidan Zakiya na McLeansville ya sauka da ya zo ƙasar, shekara biyu yana cin tuwonta. Yanzu magidanci ne, yana aiki a wani ƙaramin kamfanin giya. Ta yi masa faɗa a kai har ta gaji, ta koma yi masa addu'a. Shi ya sa ranar da ya zo ya ce kamfanin zai fitar da abin sha marar barasa, kuma ɗanɗanon lamurjenta yake so a ciki, sai ta ga addu'arta ce ta karɓu.

Wata uku yana zarya da kwalabe masu lamba. Ruwan tsiron sha'ir ne dafaffe, da wani fure mai ɗaci da suke kira hops, sai citta da tsamiya da kanumfari. Takan kurɓa ta juya a baki. Na farko ta ce cittar tana yakushin maƙogwaro, a rage ta, kuma a zuba ta ƙarshen dahuwa. Na huɗu ɗaci ya danne tsamiya. Na bakwai kanumfari ya fito kamar maganin haƙori. Shi dai yana ta rubutawa a waya. Abu ɗaya ne ya ƙi gyaruwa, zaƙi. Kullum ta ce ya yi yawa, sai ya yi dariya ya ce ta bar shi, zai sauka da kansa.

Wata Asabar Zakiya ta shiga kantin Fourera a Gate City Boulevard sayen tsamiya. Fourera 'yar Nijar ce, ba ta iya ɓoye magana ba. Ta ja ta bayan buhunan shinkafa ta nuna mata hoto a waya. Gwangwani ne rawaya, an zana mace da gwaggwaro, an rubuta Anti Zakiya ɓaro-ɓaro. Can ƙasa da ƙananan haruffa, barasa kashi biyar cikin ɗari. Hoton ya riga ya zaga wayoyin matan masallaci tun jiya.

Daga cikin mota ta kira shi.

"Najib, yis ka zuba a ciki?"

"Anti, wanda kika ɗanɗana babu komai. Kafin a zuba yis ya mai da zaƙin barasa nake kawo miki."

"To, shi ne zaƙin da zai sauka da kansa."

Ya shiga bayani. Wai marar barasar ya yi salam, masu kamfani suka ƙi shi. Da ya tsimu kuwa komai ya zauna daram, citta ba ta fi ɗaci ba, ɗaci bai fi tsamiya ba, mutane har layi suke yi. Sunan kuma don girmamawa ya sa.

"Girmamawa," in ji ta. "Uwarka ta ce in riƙe ka, na riƙe ka. Ban san har da harshena za ka ara ka dafa giya ba, ɗana."

Ya ce zai yi wa masu kamfanin magana a kan sunan, amma gwangwanayen sun riga sun shiga shaguna. Ta kashe wayar.

Washegari sunan jikan Alhaji Hudu ne a Pleasant Garden, tun makon jiya aka roƙe ta lamurje. Ta yi, kula biyu, ta kai. Matar Alhaji ta karɓa hannu biyu, ta yi ta sa albarka, sannan ta sa aka ajiye kulolin a gareji. Lemon kwalba aka raba wa baƙi. Babu wadda ta ce mata komai, gaisuwa ma har ta fi ta kullum tsawo.

Zakiya ta tashi ta je garejin da kanta, ta cika kofi, ta dawo tsakiyar falo ta yi bisimilla ta shanye a gabansu. Fourera ce kaɗai ta miƙo kofi.

Bayan la'asar maza biyu suka kai mata kulolin mota, da nauyinsu yadda suka zo.