Sifanar da Ta Ɓace Ranar Gwaji

Tun da hantsi Mai Gareji yake kwance ƙarƙashin wata mota, amma ko noti ɗaya bai kwance ba. Hannunsa na kan ƙarfe, kunnensa na bakin titi. Yau ne ake gwada yaran da suka shiga soja a rarraba su: wanda za a koya wa sana'a, da wanda za a miƙa wa bindiga a tura shi fagen daga. Autansa na cikinsu.

An kai ruwa rana kafin a zo nan. Yaron ya so sojan ƙasa, don can abokansa suka nufa. Uwarsa ta ƙi. Ya ce to sojan ruwa, ta ce yaron da ko wanka sai an yi masa faɗa? Tsohon ne ya raba gardama.

"Tunda ka ƙi zama, ka tafi sojan sama ka nemi gyaran injin jirgi. Bindiga, ranar da ka ajiye aiki karɓe abarsu za su yi. Abin da hannunka ya koya kuwa da shi za ka dawo gida."

Sai dai wanda ya faɗi gwajin hannu ba shi da zaɓi, inda aka ga dama nan za a jefa shi.

Mai faci na maƙwabta ya leƙo. "Maigida, motar nan gyara kake mata ko jinya?"

"Koma kan tayarka, sarkin surutu."

Bayan la'asar sai ga ƙafafun Auta a gefen motar. Tsohon ya jawo jiki ya fito. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa.

"Yaya aka yi?"

"Baba, ban gama ba."

"Ba ka gama me ba?"

"Ƙaramin inji aka ba kowa a wargaje, da farantin sifanu, aka ce mu haɗa kafin a busa usur. Na haɗa tsaf, saura in rufe murfi. Sai na jera kayan aiki kamar yadda kake sa mu, na ga gurbin ƙaramar sifana babu komai."

"Sai ka rufe mana, ka neme ta daga baya!"

Yaron ya ɗago ya dube shi. "Baba, kai ne fa ka sa na sake sauke injin motar mai burodi da tsakar rana saboda noti ɗaya. Hannuna ne ya ƙi rufewa. Na duba ƙasa, na duba aljihu, na fara kwance abin da na ɗaura. Ina ciki aka busa."

Tsohon ya zauna a kan wata tsohuwar taya. A garejinsa ba a rufe inji sai kowane ƙarfe ya koma gurbinsa, kuma ya kori yara da dama a kan haka. Yau ga dokarsa ta tura ɗansa gaban harsashi. Da wane baki zai gaya wa uwar?

"To, ina suka jefa ka?"

"Ban ƙarasa ba, Baba. Sajen da ke kula da gwajin ya zo kaina, wani gajere mai muryar tsohon janareta. Ya ce, 'Kai, uban wa ya hana ka rufewa?' Na ce, 'Nawa, ranka ya daɗe.' Sai ya zura yatsu biyu can ƙasan injin ya zaro sifanar. Ashe lokacin da ya sa mu juya mu saurari bayani, yaransa suka bi suka zare sifana ɗaya daga farantin kowa suka cusa masa a inji. Ya ce mota in ta mutu gefen hanya take tsayawa, jirgi kuwa ba shi da gefen hanya. Duk wanda ya rufe da ƙarfe a ciki bai ci ba."

"Kai fa?"

"Injin jirgi, Baba. Sun ɗauke ni."

Mai faci, wanda ashe yana tsaye da guduma a hannu, ya kwashe da dariya har da buga cinya. Tsohon ya dubi ɗansa. Ya sauke wani dogon numfashi, ya goge fuska da tsumman aiki, baƙin mai ya shafe masa goshi.

"Ɗan banza. Shi ne ka shigo mini da fuskar ta'aziyya?"

"Ai kai ka ce labari daga farko ake fara shi."

Tsohon ya lalubi abin jifa, bai samu komai kusa ba sai tsumman, ya wurga masa.

"Tashi ka tafi wurin uwarka, tun jiya ko ruwa bai wuce mata ba. Ita kuma daga ƙarshe za ka fara mata, ka ji ni ko?"