Bakin Mazurari a Bayan Tarakta

Ranar da tarakta ta matse Dogo, ina zaune a ƙofar shagona na walda, tsallaken titi da gidan bulo. Ƙanena Auta ne direban.

A gidan bulon nan, in za a haɗa tarakta da tirelar yashi, sai mutum ya shiga tsakaninsu. Ya ɗaga hancin tirelar da hannu biyu, direba na dawowa da baya a hankali, har ramin hancin ya zo daidai da ramin ƙarfen tarakta, sannan ya zura ƙusa. In aka kauce da faɗin yatsa ɗaya, ƙusa ba ta shiga. Dogo lebura ne, shekara shida yana wannan aikin.

Ran nan ƙafar Auta ta zame daga kan birki. Ihu ɗaya Dogo ya yi. Kafin in tsallako titi, hancin tirelar ya shige masa ƙasan haƙarƙari, jini na bulbulowa ta bakinsa. Leburori suka finciko Auta daga kan kujera. Wan Dogo, wani ƙato da ake ce wa Gatari, ya ɗaga shebur ya kafta masa a fuska. Auta ya faɗi, suka rufe shi da duka, wannan da ƙafa, wancan da guntun bulo. Na kutsa na kwanta a kansa.

"Ku haɗa da ni!" nake ta faɗi. "Ku kashe mu tare!"

Suka kuwa haɗa da ni, sai da 'yan sanda suka iso suka tafi da Gatari.

Dogo bai kai asibiti ba. Auta ya rasa idon hagu, aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya. Da na je duba shi, ya jawo takarda ya rubuta mini: "Yaya, ban gan shi ba."

Kwana uku ban kunna injin walda ba. A rana ta huɗu ina zuba mai a janareto, na tsaya ina kallon mazurarin da ke hannuna. Ko ta wane gefe ka zuba, man ƙasa yake gangarawa ya sami ramin da kansa. Na ɗauki alli na fara zane a daɓen shago.

Na yanka faranti huɗu na ƙarfe mai kauri, na haɗa su kamar bakin mazurari, mai faɗi a waje, matsattse a ciki. Hancin tirelar kuma na goge kusurwoyinsa har ya koma kamar kan ƙwai, don ya riƙa zamewa. Na farko da na yi, gangaren ya yi tsaye da yawa, hancin ya daki faranti ya lanƙwasa shi. Na biyu na tsawaita bakin, hancin ya shige sumul, amma ƙusar ta cije a bakin rami. Sai na fiƙe kanta kaɗan, na ɗora ta a kan sifirin, na sa wani ɗan harshe ya tare ta. Da hanci ya shigo ya ture harshen, ƙusa ta faɗa da kanta. Na yi wa tirelar ƙafa guda, don kada kowa ya sake ɗaga ta da hannu.

Manajan gidan bulo ya yarda a gwada. Da hantsi na tsuguna a bayan tarakta ina ɗaure noti na ƙarshe, sai inuwa ta rufe ni. Gatari ne, an ba da belinsa.

"Mai walda," ya ce, "yaushe ka san ana iya yin wannan abin?"

"Bayan abin da ya faru."

"Kwana nawa ya ɗauke ka?"

"Tara."

"Kwana tara." Ya gyaɗa kai. "Shekara shida kana zaune a tsallaken titi, kana kallon ƙanena yana shiga tsakanin ƙarfe biyu. Ya gaishe ka, ka amsa."

Hannuna na dama yana dafe da bakin mazurarin. Ya ɗauki gudumata da ke ƙasa ya sauke mini a kai. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin. Ya sake ɗagawa, na jawo sifana da hagu na maka masa a gwiwa. Ya durƙushe, ya cafko wuyana, muka birgima cikin yashi, yana shaƙe ni yana kuka, hawayensa na ɗiga a fuskata. Wannan karon shi leburorin suka riƙe. Sai da mutum biyar suka taru kafin suka ɓamɓare shi daga jikina.

Manaja ya ce a kai ni asibiti. Na ce sai an gwada. Na zauna a kan bulo, hannuna naɗe cikin rigata, jini na tsatsafowa. Sabon direba ya dawo da baya, ya ma kauce da kusan taƙi guda. Hancin ya taɓa faranti, ya zame, ya nufi tsakiya. Ƙwas! Ƙusa ta faɗa. Ba wanda ya yi tafi. Gatari na zaune a ƙasa riƙe da gwiwarsa, ya juya mana baya.

Yatsu biyu likita ya cire mini. 'Yan sanda suka zo har gadon asibiti suna tambayar wanda ya yi, na ce guduma ce ta kuɓuce mini. Matata ta yi sati ba ta yi mini magana ba saboda wannan.

Bayan wata biyu Manaja ya aiko a yi wa sauran taraktocin biyu irinsa. Na yi su da hagu. Waldar ba ta yi kyau ba, amma ta riƙe.